Katin Sakamako Ya Iso Gida: Abin da Iyaye Za Su Yi Kafin Su Yanke wa Yaro Hukunci

Ranar da aka ba da hutu, tun kafin azahar unguwa take cika da yara, kowa da katinsa. Wani yana tafe a guje yana ɗaga nasa sama tun daga bakin layi. Wani ya ninke nasa huɗu ya cusa a ƙasan jaka, yana jan ƙafa, ya bi ta doguwar hanya don kada ya isa gida da wuri. Dukansu tambaya ɗaya ce take jiransu a zaure: "Na nawa ka zo?" In ya ce na ɗaya ko na biyu, a sa masa albarka. In ya ce na talatin, a nemo bulala. Daga nan sai a jefa katin cikin durowa, ba wanda ya karanta sauran abin da ke ciki.

Na yi shekaru ina malamin aji, na san wahalar da ake sha kafin a cika wannan takarda. Sai ka bi malamin kowane darasi ya kawo makinsa, ka tara, ka raba, ka ƙirga rajista, ka rubuta sharhi a kan yara hamsin ko fiye. Labarin wata uku na rayuwar yaro ne a ciki, kuma yana yi mini ciwo in ga an tsinci layi ɗaya an watsar da sauran. Ga yadda nake ganin ya dace a bi, tun daga sa'ar da kati ya shigo gida har zuwa tsakiyar sabon zango.

Ranar farko, karɓa kawai za a yi

Yaro ya miƙo kati, ku karɓa, ku yi masa sannu, ku ce ya je ya cire kayan makaranta ya ci abinci. Aikin awar farko ke nan. Kada a buɗe katin a tsakar gida gaban ƙanne da yayye da abokiyar zama, balle baƙi. Yaron da aka karanto jan makinsa a bainar jama'a kunyar ce za ta zauna masa a rai, darasin kuwa ya bi iska.

In kun leƙa kuka ji rai ya ɓaci, ku bar maganar sai gobe. Na san zafin abin. Uba ya matse ya biya kuɗin makaranta, wataƙila da rance, uwa ta taɓa kuɗin adashinta ta sayi littattafai, sai a kawo musu jan biro. To amma magana zarar bunu ce. "Daƙiƙi", "jaki", "asarar kuɗi kawai ake yi a kanka", "ba za ka taɓa zama komai ba": yara suna riƙe waɗannan har su yi furfura. Mu da muka yarda bakin iyaye yana kama ɗa bai kamata mu yi sakaci da harshe a wannan rana ba. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi wa 'ya'yansa mummunar addu'a, don kada ta dace da sa'ar karɓa.

Wani zai ce ai ka ƙi naka duniya ta so shi. Karin maganar tana da muhallinta, wajen hana shagwaɓa da gyaran ɗabi'a. Sai dai ban taɓa ganin yaron da bulala ta koya wa rabawa a Lissafi ba. Abin da na ga ta koyar shi ne ɓoye kati a ce "ba a ba mu ba", da gyara 3 ta koma 8 da bakin biro, da satar amsa a zango mai zuwa. Yaron da ya san za a saurare shi ko me ya kawo, shi ne yake kawo katin gaskiya.

Karanta katin daga ƙasa zuwa sama

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi tsallakewa. Bayan yara sun kwanta, uwa da uba ku zauna tare in da hali, ku ɗauko katunan zangunan baya ku jera. In ba ku yi boko ba, ko Turancin katin ya yi muku nauyi, ba abin kunya ba ne. Ku nemi babban mutum mai riƙon amana ya karanta muku, ko ku je malamin aji ya yi muku bayani da Hausa, haƙƙinku ne. Kada dai ku ba wan yaron ko sa'ansa, don gobe da shi za a yi masa gori.

Ku fara da gurbin halarta, inda aka rubuta sau nawa aka buɗe makaranta da sau nawa yaro ya zo. Makarantu da yawa suna kiran suna sau biyu a rana, shi ya sa za ku ga adadin ya haura 100 alhali zangon mako goma sha biyu ne ko sha uku. In an rubuta 120, shi kuma ya halarci 90, kwana 15 ke nan ba ya aji, mako uku cur. In kun san jinya ya yi, kun fara gano bakin zaren. In kuwa kullum da safe yana saka kayan makaranta ya fita, to akwai inda yake zuwa, kuma gano wurin ya fi duk wani maki gaggawa.

Sai ku dawo kan darussa. Makin kowane darasi kashi biyu ne. Akwai na gwaje-gwaje da aikin gida na cikin zango, wanda ake rubuta wa CA a kan kati, yawanci maki 30 ko 40. Akwai na babbar jarrabawa, 70 ko 60. Jimillar kaɗai ba ta faɗin komai. A ɗauka yara biyu kowanne ya ci 52 a Lissafi. Na farko ya sami 34 cikin 40 a gwaje-gwaje, 18 cikin 60 a jarrabawa. Na biyu ya sami 12 cikin 40, sannan 40 cikin 60. Maki ɗaya, ciwo daban. Na farko yana ganewa lokacin da darasi ke da ɗumi amma ba ya bita, ko yana ruɗewa a ɗakin jarrabawa, ko kuma wani ne yake yi masa aikin gida. Na biyu kansa yana ja, amma ba ya miƙa aiki, ko ba ya nan ranakun da aka yi gwaji. In kun ɗauko wa na biyu malamin lesin kun yi asarar kuɗi, abin da yake buƙata sa ido ne.

Katuna da yawa suna nuna matsakaicin makin aji, da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Ku auna makin ɗanku da su. Yaron da ya ci 45 a darasin da matsakaicin aji 38 ne ya wuce yawancin 'yan ajinsu, kuma tambayar da za a yi ita ce me ya sami darasin har ajin gaba ɗaya ya durƙushe. Sau da yawa za ku tarar rabin zangon babu malami. Haka nan 70 a inda matsakaici 82 ne bai kai yadda ido yake ganinsa ba.

Haruffan da ake sakawa a gefen maki sukan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka ku duba bayaninsu a ƙasan kati. A babbar sakandare makarantu da yawa suna bin ma'aunin WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar kammala sakandare: A1 daga 75 zuwa sama, C6 daga 50 zuwa 54, D7 da E8 fas ne kawai, F9 kuma ƙasa da 40. Kiredit daga C6 yake farawa, jami'a kuma kiredit biyar take nema, da Turanci a ciki, da Lissafi ga mafi yawan fannoni. Saboda haka ɗan aji biyu na babbar sakandare da ya kawo D7 a Turanci yana bakin rami, ko da an rubuta ya wuce aji na gaba. 'Yan'uwanmu na Nijar a sakandare bisa 20 ake ba su maki, 10 ce iyaka, kuma kowane darasi da nauyinsa, don haka rauni a darasi mai nauyi ya fi jan matsakaici ƙasa.

Yanzu ku ja baya ku dubi katin gaba ɗaya. In darasi ɗaya ne ya faɗi, ku nemi ramin da aka bari a baya, ko abin da ke tsakanin yaron da malamin. In duk darussan da ke buƙatar dogon karatu da rubutu ne suka yi ƙasa amma Lissafi ya tsaya, kusan kullum Turanci ne matsalar: yaron da Hausa yake tunani, ana tambayarsa da harshen da bai gama mallaka ba, sai ya faɗi Kimiyya da Tarihi alhali ya san amsar. In kuwa komai ne ya rushe lokaci guda a wurin yaron da a da yake ƙoƙari, ku bar littafi ku dubi rayuwarsa, wani abu ya faru.

Gurbin ɗabi'u, wato zuwa da wuri, tsafta, ladabi, natsuwa a aji, ku duba shi ma. Sharhin malami kuwa, gaskiya wani lokaci jimla ɗaya ce ake rubuta wa rabin aji, "ya ƙara ƙoƙari". Amma duk inda malami ya tsaya ya rubuta takamaiman abu, kamar yawan barci a aji ko rashin kammala rubutu, ku riƙe shi da kyau, ya gani ne da idonsa.

Matsayi shi ne na ƙarshen dubawa. Na 20 cikin yara 25 daban, na 20 cikin 110 daban. A aji mai zafi, tazarar da ke tsakanin na uku da na goma sha biyu wani lokaci ba ta wuce maki uku ko huɗu a matsakaici ba. Yaro yana iya tashi daga 55 zuwa 63 amma matsayinsa ya ja baya don an kawo sababbin ɗalibai masu ƙoƙari, wani kuma ya sauka daga 70 zuwa 60 ya ci gaba da zama na ɗaya don ajin ne ya yi sanyi. Wanne ya cancanci yabo a cikinsu? Matsayi rabinsa labarin 'ya'yan wasu ne.

Ku gwada shi da kanku

Kati yana iya ruɗin mutum. Akwai makarantun kuɗi da suke kumbura maki don sun san in ya yi ƙasa iyaye za su cire yaro. Akwai malaman da suke ba da tambayoyin jarrabawa tun kafin ranar, yara su haddace su juye. Na sha ganin ɗan aji biyar na firamare da 80 a Turanci wanda in ka ba shi sakin layin da bai taɓa gani ba sai ya tsaya cak.

Akwai gwaji mai sauƙi da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da shi, an kuma yi aiki da irinsa a jihohi kamar Borno da Kano. Minti goma ya isa. Ku rubuta haruffa a warwatse ya karanta. In ya iya, ku ba shi gajerun kalmomi. In ya wuce, sakin layi mai jimla huɗu. In ya wuce, ɗan gajeren labari, sannan ku rufe takardar ku ce ya ba ku labarin da bakinsa. Ku yi da Hausa tukuna, sannan da Turanci. A Lissafi ku fara da gane lambobi har 99, sai ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 27, sai rabawa. Wanda bai iya rubutu ba ya yi da baki: "An aike ka da naira 1,000, ka sayo sabulu na 350 da gishiri na 200, nawa ne canjinka?"

Kada a yi wannan ranar da kati ya zo, kuma kada a yi shi da fuskar alƙali. Inda yaro ya tsaya, nan ne ainihin ajinsa a wannan fanni, daga nan kuma za a fara gyara, ko da lambar da ke ƙofar ajinsu ta ce wani abu daban.

Zama da yaro

Bayan kwana ɗaya ko biyu, ku kira shi inda ba kowa, ku zaunar da shi kusa da ku, ku ba shi katin ya riƙe. Ku fara da abin da ya yi kyau, kuma ya zama na gaskiya: "Zo nan, ɗan albarka. Na ga Kimiyya ta tashi daga 48 zuwa 61. Me ka canza?" Sannan a gangaro: "Lissafin nan fa, daga wane darasi ya fara ɓace maka?" Wannan tambaya tana da amsa. "Don me ka faɗi?" kuwa ba ta da amsa sai sunkuyar da kai.

Ku tuna mu muka koya wa 'ya'yanmu kada su ɗaga ido su dubi babba, kada su yi dogon zance gaban uba. In ya yi shiru yana wasa da yatsu, ladabin da kuka koya masa ne, kada ku ɗauka taurin kai ne. Ku jira. In ya gagara, ku bar wa wanda yake sakewa da shi, ko uwa, ko gwaggo, ko kaka. Abin da za a nema a ji: a ina yake zama a aji, da wa yake zama, yana ganin allo sosai, akwai malamin da yake jin tsoro, akwai mai ƙwace masa kuɗin tara ko mai dukansa a hanya. A makarantar kwana a tambaya yadda manyan ɗalibai suke yi da shi. Daga nan ku ce ya kawo littattafansa na rubutu. Littafin da rabinsa fari ne, ko wanda babu jan biron malami a ciki tun makon uku, ya fi kati faɗin gaskiya.

Ruwa ba ya tsami banza

Kafin a ce yaro malalaci ne, akwai abubuwan da sai an kawar da su. Ido ne na farko. Yaron da yake ƙanƙance ido, yake kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon allo, yake yawan kukan ciwon kai, a sa shi ya rufe ido ɗaya ya karanta kalanda daga ƙarshen ɗaki, sannan ɗayan. In da shakka a kai shi asibitin ido. Tabarau ɗaya ya taɓa mayar mini da yarinya daga ƙarshen aji zuwa cikin goman farko a zango biyu. Kunne ma haka, musamman wanda ya taɓa yin ruwa. Mai sikila da mai yawan zazzaɓin cizon sauro suna rasa gwaje-gwaje, a roƙi makaranta ta riƙa ba su damar ramawa. Yunwa kuwa ba sai an faɗa ba, ko koko da ƙosai ne a tabbata ya sa wani abu a ciki kafin ya fita.

Sai barci. Likitoci suna cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi kuma 8 zuwa 10. Ku ƙirga ranar ɗanku da gaskiya: hadda bayan asuba, boko har ƙarfe biyu, Islamiyya bayan la'asar, makarantar dare bayan magariba, ga aike, ga ɗiban ruwa. Yaushe zai buɗe littafi, yaushe zai kwanta? Ba cewa nake a bar karatun addini ba, Allah Ya kiyaye. Cewa nake a zauna a tsara, don in an ƙara masa lesin a kan wannan lodi barci zai riƙa yi a duka makarantun.

'Ya mace tana da nata. Ita ce wanke-wanke, ita ce raino, wani gidan ita ce talla, sannan a auna makinta da na wanta da ba ya ɗaga ko tsinke. In ta fara al'ada kuma makarantar ba ta da ban-ɗaki mai ruwa, za ta riƙa fashin kwanaki duk wata ba ta faɗa wa kowa ba. Wannan uwa ce za ta tambaya, cikin sirri. A karkara lokacin shuka da girbi yana cin makonni. A birni waya da gidan kallon ƙwallo suna cin dare. Rasuwa, rabuwar aure, sabuwar amarya a gida, ƙaura zuwa wata unguwa, duk suna fitowa a kati ko da yaro bai ce uffan ba.

Abu biyu kuma da ba a cika kula da su ba. Ɗaya shi ne tsallaken aji: a ɗauke yaro daga aji huɗu ko biyar na firamare a kai shi sakandare don a ce ya gama da wuri, sai ramin ya bayyana bayan shekara biyu. Ɗayan shi ne yaron da bakinsa ke da kaifi, yana gane komai in an faɗa masa, amma ya wuce shekara takwas yana rikita b da d, karatu yana yi masa kamar hawan dutse. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Wata irin wahalar karatu ce da aka sani, tana son haƙuri da malamin da ya iya koyar da haruffa da sautinsu sannu a hankali.

Ku taka zuwa makaranta

A makon farko ko na biyu na komawa, ku je da ƙafarku. Ku nemi lokacin da malami ba ya aji. Bayan gaisuwa, ku buɗe da abin da zai kwantar masa da hankali: "Malam, ba ƙara na kawo ba. Na ga sakamakon yaron nan ne, na ce bari in zo in ji me kake gani a aji wanda mu ba ma gani a gida." Malamin da ya ji haka zai faɗa muku abin da ba zai taɓa rubutawa a kati ba. Ku tambaye shi takamaimai: wane babi ne ya fi ba shi wuya, yana tambaya a aji, me za mu riƙa yi masa a gida. Ku roƙi a nuna muku takardun amsarsa. A nan za ku ga ko bai sani ba ne, ko bai gane tambayar ba, ko lokaci ne ya ƙure masa ya bar shafin ƙarshe fari.

Kuskuren tara maki yana faruwa. Ni kaina na taɓa rage wa wata yarinya maki goma wajen tarawa, mahaifiyarta ce ta gano, ta zo cikin mutunci, na gyara na ba ta haƙuri. In kun ga irin wannan ku nuna. Abin da ba za ku yi ba shi ne roƙon a ƙara wa yaro makin da bai ci ba, ko zagin malami a gaban ɗalibinsa. In matsalar ta aji ce gaba ɗaya, kamar darasin da ba shi da malami, ku kai ta taron iyaye da malamai, ko kwamitin kula da makaranta in ta gwamnati ce. In kuma an riƙe katin ne saboda bashin kuɗin makaranta, ku je ku yi magana da kanku, kada yaro ya ɗauki kunyar abin da ba laifinsa ba.

Shiri ƙarami wanda za a iya riƙewa

Ku zaɓi darasi ɗaya, in ya yi yawa biyu. In karatu ne bai zauna ba, shi ne kan gaba, sauran duk a bayansa suke. "Ka dage" ba shiri ba ne. Shiri shi ne: kullum bayan isha'i minti talatin, a wuri kaza, da fitila mai caji, talabijin a kashe, waya a hannun Umma. Burin kuma a ɗaura shi a kan makin yaron, daga 38 zuwa 50, kada a ɗaura shi a kan matsayi.

Uwar da ba ta yi boko ba tana da babban aiki a nan. Ki zauna kusa da shi, ki ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya fassara miki da Hausa abin da ya karanta. In ya iya yi miki bayani har kika gane, ya gane. In ya kasa, kin san inda za a tambayi malam gobe. In za a ɗauki malamin lesin, a faɗa masa inda yaro ya tsaya a gwajin da kuka yi, ya fara daga nan. Malamin lesin da aikinsa yi wa yaro aikin gida ne cutarsa yake yi. Hutu kuma a bar yaro ya huta kwanakin farko, ya je gidan kakanni, sannan a fara kaɗan-kaɗan.

In makaranta ta ce ya maimaita aji, kada ku yi saurin cire shi ku kai wata don a tura shi gaba. Ramin zai bi shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: irin waɗannan yaran ne ake kaiwa cibiyoyin satar amsa in WAEC da NECO sun ƙarato. Sai dai maimaitawa ita kaɗai ba magani ba ce. In zai koma aji ɗaya, da kujera ɗaya a baya, da idon da ba a duba ba, shekara kawai za a ci masa. Ku yarda da maimaicin tare da sanin abin da za a canza, ku kuma faɗa masa da bakinku kafin ya ji a bakin yara.

In kati ya yi kyau

Alkunya takan hana mu yabon namu, musamman ɗan fari, har yaro ya kawo sakamako mai kyau a ce "to, ajiye can". Yana jin wannan. In kunya ta hana a gaban mutane, ku kira shi gefe ku sa masa albarka ya ji da kunnensa. Ku yabi abin da ya yi: "Na ga yadda kake tashi bita da asuba, ga amfaninsa." A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada 'yan firamare, suka tarar waɗanda aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya in sun faɗi, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Yaron da kullum ake ce wa haziƙi yakan fara tsoron ranar da zai zo na biyu. In kun ga ɗanku yana kuka don ya zo na biyu, ku sassauta masa. Kyauta ma ba laifi, amma kada a ce keke sai in ka zo na ɗaya, don na ɗaya mutum ɗaya ne a aji, kuma ba a hannunsa kaɗai abin yake ba.

A gidan da ke da ɗaki biyu ko uku, ranar sakamako takan zama ranar kishi. Maigida, wannan a wuyanka yake. Kada ka tara 'ya'ya ka karanto matsayi ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce "dubi ɗan'uwanka". Maganar ba a kan yaron take tsayawa ba, har ɗakin uwarsa take shiga, kuma gabar 'yan uba da yawa daga irin wannan ta samo asali. Umarnin da Manzon Allah (SAW) ya ba mahaifin sahabi Nu'umanu ɗan Bashir shi ne ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Ka ga kowane yaro shi kaɗai, ka auna shi da katinsa na baya. Wanda ya tashi daga 40 zuwa 52 ya sami tukuici kamar yadda mai 85 ya samu.

Kafin a koma makaranta, ku sami leda mai kauri ko fayil ku haɗa katunan kowane yaro wuri ɗaya, ku rubuta a bayan na ƙarshe darasin da kuka zaɓa da makin da kuke nema. Makarantu da yawa suna yin gwajin farko tsakanin mako na uku da na biyar. Ku sa alama a kalanda. In ranar ta zo, ku ce ya kawo takardar gwajin da littafin rubutunsa, ku kira malamin aji ku ji ta bakinsa. In maki ya motsa ko da biyar ne, ku faɗa wa yaron kun gani. In bai motsa ba, akwai sauran mako bakwai ko takwas kafin jarrabawa, ku sake zama ku duba abin da za a canza.